Shekarar da Ka'ak Ɗina Ya Yi Ƙamshin Amarya

'Ya'yan ƙannena mata in sun zo hutu daga birnin Madani suka tarar da ni zaune gaban furun kahraba, wato tandar gashi ta lantarki, ina jira ya yi ƙara, sai su riƙa zungurin juna suna ƙunshe dariya. Kwanakin baya ƙaramarsu, Samiya, ta kasa riƙe bakinta. Hala suke kirana, wato inna. Ta ce, "Hala, wai wanga shi ne shugul ɗin, aikin nan da kike cewa ya cinye miki baya? Ki zuba kwaɓi, ki danna, ki koma ki sha shayi. Wallahi ko ni sai in buɗe shago gobe."

Ban yi fushi ba, domin ni ma na taɓa faɗin abin da ya fi wannan wauta, kuma a lokacin har furfura ta fara leƙo mini. Na ce ta jawo kujera ita da 'yan'uwanta in ba su labarin akwatin nan da suke rainawa. Abin da na gaya musu shi nake maimaitawa a nan, don na lura ba su kaɗai ke wannan tunanin ba.

Sana'ata habiz ce, wato kayan gashi na salla da na biki. Babba a cikinsu shi ne ka'ak, ɗan dunƙulen fulawa da man shanu da ake yi wa zane a baya, a gasa, a birkiɗa cikin garin sukari. A ƙauyukanmu na yankin Jazira gidan amarya kan aika wa dangin ango manyan farantai na abinci da habiz, muna ce masa fatur ɗin ango. Dangin ango ba sa cewa komai a gaban masu kawowa, amma da abin da ke cikin farantan nan suke auna gidan da yarinya ta fito. Ka'ak ɗin da ya yi tauri ko ya ƙone a ƙasa, sai amarya ta haifi 'ya'ya ana tuna mata shi.

Farantin farko da aka yarda na taɓa a gidan Hajja Kaltum, mai aka ce in shafa masa. Hajja maƙwabciyar mahaifiyata ce, ita ke gasa wa ƙauyenmu da na kewaye tun kafin a haife ni. Na ɗauka wasan yara ne, na lafta mai kamar ina shafa wa jariri, sai ka'ak ya soyu ta ƙasa maimakon ya gasu. Hajja ta ɗaga farantin, ta kai hanci, ta miƙo mini shi da abin da ke ciki, ta ce in kai wa uwata in yi mata bayani da bakina. Na daɗe a kan shafa man nan kafin ta bar ni na riƙe mungash, ɗan matsefin ƙarfen da ake yi wa ka'ak zane da shi. Da shi kuma take ƙwala mini a bayan hannu in zanena ya karkace.

Furun ɗinta na laka ne, kamar ƙaramin rumbu, an gina shi da ƙaiƙayi da baƙar ƙasar bakin tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki. Karan auduga muke hura shi da shi, wanda ake tugewa bayan an gama tsinka. Sai wuta ta ci ta cinye, a kwashe garwashi gefe, sannan a shigar da farantai. Hajja ba ta duban agogo. Takan watsa ɗan gari a ƙasan furun ta ga yadda zai yi ja, ko ta zura hannu har gwiwar hannu ta janye, amma mafi yawa da hanci take aiki. Tana iya zama can ƙarƙashin rumfa tana hira, sai ta katse magana ta ce, "Mairo, hidda na hagu." In na fitar kuwa, sai in tarar ya yi daidai.

Da na yi aure na gina nawa furun a bayan madafa, Hajja ta riƙa turo mini aikin da ya yi mata yawa. Na gasa wa gidaje da dama, har daga ƙauyukan Larabawa ake zuwa. Abu ɗaya ne ba ta taɓa ba ni ba, shi ne habiz ɗin gidanta. Na 'ya'yanta da na jikokinta da hannunta take yi, ko da gwiwoyinta suka fara ba ta wahala. Ban taɓa tambayarta dalili ba, amma abin yana tsaye mini a rai.

Sai ƙanena Sale, da ke tuƙin mota a Jidda, ya aiko mini da kwali ta hannun wani alhaji. Da muka buɗe muka ga akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi, da faranti na gilashi a ciki mai juyawa da kansa. Kafin la'asar mata sun raɗa masa suna Ɗan Jidda. Na ɗora shi a kan tebur a ɗakin baƙi, na rufa masa ƙyalle mai ɗinkin furanni, ya yi makonni ba abin da yake yi sai karɓar gaisuwa. Tsoronsa nake ji, amma in an tambaye ni sai in ce ina jiran a gyara mini waya.

Ka'ak ɗin farko da na sa masa, a kwanon gilashi na jera, na danna maɓallin da ya fi kusa da yatsana. Ya yi ta juyawa yana gurnani, ya yi ƙara, na buɗe. Fari fat ya fito kamar yadda ya shiga, da ya huce kuma ya zama dutse. Maigidana, Malam Isa, ya gwada da haƙori, ya mayar, ya ce a ajiye masa zai yi jifar tsuntsaye da shi a hawasha, wato gonarmu ta ban-ruwa. Washegari na ce ai laifin gilashi ne, na sa farantin ƙarfe, na sake danna maɓallin jiya. Walƙiya ta tashi a cikin akwatin tana tartsatsi. Ban tsaya neman takalmi ba, a tsakar gida na tsinci kaina ina salati, na bar akwatin da ɗakin da duk abin da na mallaka. Malam ne ya shiga ya zare wayar.

A hankali na gane cewa hali biyu gare shi. Maɓallin da ke da zanen igiyar ruwa na ɗumama abinci ne, zafi yake sa wa daga ciki ba tare da wuta ba, ba ya gasa komai, kuma ba ya shiri da ƙarfe. Wanda ke da zanen fanka shi ne furun na gaskiya, iska mai zafi yake hurawa ta wasu ƙananan huji a bango, shi kuma yana son ƙarfe. Sai ka bar shi ya yi zafi babu komai a ciki kafin ka sa kwaɓi. Akwai na uku da ke haɗa su biyun, wannan har yau kallon nesa muke yi wa juna. Duk wannan da asarar fulawa na koye shi. Ƙyallena mai furanni ma ya ƙone, domin ban san cewa ta sama da ta baya yake numfashi ba, na bar masa shi a ka yana aiki.

Farantaina masu kusurwa huɗu ba sa juyawa a cikinsa, suna tokare bango. Sai da na shiga kasuwar Madani da zare a hannu na auna wa maƙeri, ya yanka mini masu zagaye. Kowane faranti ɗan abin da yake ɗauka bai kai cin yaran gida ɗaya ba, alhali furun laka a zubi ɗaya yake ƙosar da unguwa. Ga kuma kahraba. Ana cewa daga madatsun ruwan kogin nan namu take fitowa, amma mu da ke kusa da kogin sai ta ga dama take leƙo mu. Ta sha ɗaukewa kwaɓi yana tsakiyar tashi, in zauna ina kallonsa ta gilashi yana komawa ƙasa. In ta zo da rauni kuma, fitilar ciki ta yi ja, aikin da ya kamata ya ƙare kafin shayi ya tafasa sai ya kai azahar.

Torta ce ta fitar da ni kunya. Wata malamar makaranta ta zo tana son babban kek mai zagaye irin na birni, ɗanta ya gama jami'a. A furun laka irin wannan kek ɗin gefe ɗaya yake tashi, ya ƙone a baki, tsakiya ɗanye. Ɗan Jidda ya juya shi a hankali, ya tashi daidai ta ko'ina, ba toka ba tabo. Ranar nan kaina ya kumbura, kuma bai saɓe da wuri ba. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka fara zuwa, ni kuma na samo wata magana da nake maimaita wa duk wanda ya tsaya: habiz ɗina ba ya warin hayaƙi, Ɗan Jidda ba ya barin wari a jikin komai.

Har wa Hajja na kai wannan maganar. Na ɗiba mata ka'ak a kwano, ta gutsura, ta sansana, ta daɗe tana taunawa. Ta ce, "Ba laihi. Amma wanga bai gaya mini gidan da ya hito ba."

Na ce, "Hajja, zamani ne. Mutane sun gaji da hayaƙi."

Ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a, ɗiyata."

Damina ta tsaga mini furun laka, ban gyara ba. Kaji suka mai da shi wurin ƙwai. Daga baya na sa Malam ya rushe shi ya kafa wa akuya turke a wurin.

Dole in yi muku bayanin wata al'ada tamu kafin in ci gaba. A ƙauyenmu kayan aiki ba su da mai su in sha'ani ya taso. Babbar tukunya, turmi, tabarmi, kofunan jabana, wato gahawa, duk wadda ke da su ajiya kawai take yi wa unguwa. Matar da ta hana aro, ranar nata sha'anin za ta ga tsakar gidanta fayau. Ɗan Jidda ma bai tsira ba. Ban yarda ya fita daga ɗakina ba, amma ƙofar ɗakin ba ta rufuwa. Wannan ta kawo man shanu a narka mata, waccan madarar jariri, wani tsoho da ba shi da haƙori kullum sai ya aiko da ragowar tuwonsa na asida a ɗumama. Ni kuwa ban taɓa cewa a'a ba, domin kowace zuwa dama ce ta in sake danna maɓalli a gaban mutane.

Ana haka aka sa ranar auren Nafisa, jikar Hajja, da wani yaro ɗan Madani. Hajja ta aika aka kira ni. Na same ta a kan gado ta miƙe ƙafafu, gwiwoyin sun kumbura. Ta ce, "Mairo, tsayuwa gaban wuta ta hi ƙarhina. Ke za ki yi habiz ɗin Nafisa. Mutanen birni ne, sun san abinci, kar su ce yarinyar daga daji anka kawo ta." Abin da na yi shekaru ina jira ke nan. Na yi murna ƙwarai, na fito ina jin ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Kafin habiz akwai ranar dakan riha, ranar da mata ke taruwa su haɗa wa amarya turarenta, humra da turaren wuta, ana daka ana waƙa. Cikin kayan haɗin akwai dufra, wani abu mai kama da farcen mutum da ake kawowa daga teku. Shi ke riƙe ƙamshi a jikin humra, amma sai an gasa shi kafin ya daku, kuma yayin da yake gasuwa warinsa kamar an haɗa ƙonannen gashi da busasshen kifi. Shi ya sa can bayan gida ake kai shi, a kan garwashi, inda iska za ta kwashe.

Ranar kuwa da ruwa aka tashi. Gawayi ya jiƙe, tsakar gida ta zama taɓo, an hura an hura wuta ta ƙi. Sai Zahra'u, uwar amarya, ta juyo ta dube ni a gaban mata. Ta ce, "Yaya Mairo, ba ke kinka ce Ɗan Jidda ba ya hayaƙi ba? Mu kai mai dufrar nan mana."

Wani abu a cikina ya ce kar ki yarda. Amma aro ne aka tambaya, a ranar sha'ani, kuma da maganata aka ɗaure ni. In na ce yana iya riƙe wari, na ƙaryata abin da na yi shekara ina shela. Na gyara mayafi na ce, "Ku taho, wanga ai ƙaramin aiki ne."

Ya kuwa gasa ta tsaf, ta yi ƙaras-ƙaras, mata suka rangaɗa guɗa. Da suka ga haka suka ce to a sa itacen sandal ɗin ma, wanda aka cuɗa da sukari da man turare, ya ɗan kama jiki. Na sa. Wani siririn hayaƙi ya riƙa fita ta bayan akwatin, wata ta nuna mini, na ce gumi ne yake yi. Ina tsaye a gefensa hannu a ƙugu kamar ni na ƙera shi. Da aka watse na goge cikinsa da tsumma da lemun tsami, na zura kai na sansana, ban ji komai ba. Ta yaya zan ji? Na yini cikin turare, tufafina turare, gashina turare, unguwar gaba ɗaya turare take yi.

Na shiga gashi faranti bayan faranti, kullum daga hantsi har kahraba ta ɗauke. Ban taɓa yin ka'ak mai kyan gani kamar wannan ba, zanen nan ya fito raɗau, launinsa ɗaya daga na farko har na ƙarshe. Ina ɗanɗanawa mana, kowace mai gashi tana ɗanɗanawa. Na ji ƙamshi-ƙamshi, na ce daga yatsuna ne. Matan da ke taya ni dunƙulawa su ma daga gidan bikin suke zuwa, hancinsu irin nawa. Muka cika bokitai muka rufe da murfi, muka jera a ƙarƙashin gado.

Saura kwana biyu a kai fatur, Malam Isa ya dawo daga hawasha. Ya yi kwanaki can yana tsaron ruwa, hancinsa bai san abin da ake ciki a ƙauye ba. Bai tambaye ni ba ya buɗe bokiti ya jefa ɗaya a baki. Ya tauna sau biyu ya tsaya.

Ya ce, "Mairo, wanga ci akai ko shahwawa akai?"

Na ce wane irin wasa ne wannan.

Ya ce, "Ba wasa ba ne. Farkonshi amarya, ƙarshenshi busasshen kihi."

Ban yarda da shi ba, namiji me ya sani a kan ka'ak. Amma na ɗauki bokiti ɗaya na fita bayan gari har bakin tur'a, na wanke fuska da hannu, na zauna iska ta buga ni har na fara jin warin laka da ciyawa. Sannan na buɗe murfin. Abin da ya bugi hancina, da a ɗakin amarya na ji shi da na ce masha Allah, in ban da abin da ke biyo bayansa. Can na zauna na fahimci abin da ya faru. Furun laka in ka ɓata shi, wutar gobe za ta cinye warin jiya. Ɗan Jidda kuwa fankarsa ta zuƙe hayaƙin dufra da man sandal ta kai su bayan hujin nan, inda tsumma ba ya kaiwa, tana mayar da su a kan kowane faranti da na sa. Ka'ak kuma man shanu ne, ba abin da ya kai shi kama wari.

Fulawar gidan Hajja ta ƙare a cikin bokitan nan, man shanunsu ma haka. Nawa furun kuma akuya ce ke ɗaure a wurinsa. Daga bakin tur'a ban biya gida ba, na wuce wurin Hajja da bokitin a ka. Na ajiye a gabanta na buɗe. Ita ba ta je wurin dakan ba saboda ƙafafunta, hancinta garau yake. Ba ta ko gutsura ba.

Ta ce, "Dufra kunka gasa a ciki?"

Na ce, "I, Hajja."

Na jira wankin babban bargo. Ta dube ni, ta dubi bokitin, sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take yi har da hawaye. Da ta lafa ta ce, "To, yau dai ya gaya mini gidan da ya hito." Sannan ta share ido ta ce, "Kira mini mijinki shi liƙe tsagar furun ɗina kahin rana ta hwaɗi. Ki gaya ma Zahra'u ta zagaya gidaje."

Al'adar da ta jefa ni a rami ita ta jawo ni. Da safe mata suka riƙa shigowa, wannan da kwanon fulawa, waccan da kwalbar man shanun da ta ɓoye wa salla, wata da sukari a ƙullin mayafi. Busassun karan auduga suka fito daga ƙarƙashin rumfuna. Kowace ta shigo sai ta tsaya ta sansana iska ta ce, "Ina mai turaren?" Ni dai na ci gaba da tankaɗe fulawa. Aka ɗauko Hajja da gadonta aka ajiye kusa da bakin furun.

Ni na karɓi wuta, tunda aikina ne. Na zura hannu in ji zafi, hannun ya ƙi gaya mini komai. Na watsa gari, na kasa tuna irin jan da nake nema. Ina tsaye ina jiran in ji ƙara, furun laka kuwa ba ya kiran kowa. Zubin farko ya fito baƙi ta ƙasa. Hajja ta ce, "Hannunki ya zama na maɓalli. Koma ga faranti." A gaban matan da na gasa wa habiz ɗin aurensu, na tsuguna ina shafa mai kamar ranar da na fara. Zahra'u ke shigarwa da fitarwa, Hajja na kwance ido a rufe tana cewa, "Hidda na baya. Juya na dama." Kafin magariba an gama. Washegari fatur ya tafi Madani a kan lokaci, da ɗan ƙamshin hayaƙin nan da na yi ta zagi.

Nafisa ta tsira, ni ce ban tsira ba. Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Sunana ya koma Mairo Dufra. Ka'ak ɗin da ya lalace mata suka rarraba, wai za su sa a akwatin tufafi, har sai da tururuwa ta koya musu hankali. Salla ta zo ta wuce ba wadda ta kawo mini ko kwano ɗaya na fulawa. Malaman makarantar ma suka koma sayen torta a birni. Na koma bin Malam hawasha ina cire ciyawa. Ɗan Jidda kuwa ba abin da ban yi masa ba: na tafasa lemun tsami a cikinsa, na kwana da garin jabana a ciki, na sa gawayi, na fitar da shi tsakar gida na bar shi yana hura iska ba komai a ciki duk ranar da kahraba ta zo. Watanni ya ɗauka kafin ya saki. Na kwance akuya na sake gina furun laka, na riƙa gasa wa gidana kaɗai har hannuna ya dawo. Na raba musu aiki, torta da ɗumame na Ɗan Jidda, ka'ak na laka. Sai dai furun biyu gare ni, mai saye babu.

Nafisa ta dawo gida haihuwar fari. Ranar suna uwar mijinta, Hajja Su'ad, ta zo daga Madani da tawagarta, mace mai jiki da zinariya har gwiwar hannu. Ina can gefe cikin masu wanke kofuna, inda na saba zama a shekarar, sai na ji ta ɗaga murya a tsakiyar rumfa.

Ta ce, "Ya jama'a, ina matar nan mai makana, injin gashin nan na Jidda? Tun ranar fatur nake nemanta. Wallahi ka'ak irin wannan ban taɓa ci ba, a baki yake narkewa. Na ce wa mutanena, wannan ba aikin furun ƙauye ba ne, aikin makana ne. Ɗiyata za ta yi aure bayan salla, ita nake so ta yi mana."

Duk macen da ke wurin ta san inda aka gasa ka'ak ɗin nan, ta kuma san abin da na yi a ranar. Idanu suka juyo kaina, wasu har sun fara rufe baki da mayafi. In na yi shiru na ci aikin da ba nawa ba a gaban wadda ta yi shi. In na yi magana, labarin dufra zai hau mota ya tafi Madani, ya sami Nafisa a ɗakinta. Na miƙe da kumfa a hannu, na buɗe baki ban san abin da zai fito ba.

Hajja Kaltum ta riga ni, daga kan gadonta. Ta ce, "Ƙwarai, makana ce ta gasa shi. Tsohuwar makana ce dai, gwiwoyinta sun mutu, sai an ɗauke ta an aje." Mata suka fashe da dariya, baƙuwar ma ta taya su ba tare da ta san dalili ba. Hajja ta nuna ni da sandarta ta ce, "Ga wadda ta iya da ita nan, ni na koya mata. Ku ba ta aikin. Habiz ɗin sunan ga ma da ita za a ƙarasa, tashi ki bar kofunan nan, Mairo."

Aikin Madani a furun laka na yi shi, torta kuma a Ɗan Jidda, daga nan mutane suka fara dawowa. Akwatin yana nan, shi ne wannan da kuke gani. In damina ta yi nisa iska ta yi laima, na kunna fankarsa, har yanzu yakan ɗan tuna mini da Nafisa.

Da na kai nan Samiya ta daina dariya. Ta ce to ita tana son koyo, wane maɓalli za ta fara da shi. Na tashi na ɗauko faranti da kwanon man shanu na ajiye a gabanta. Ta naɗe hannun riga ta lafta masa mai har yana ƙyalli, ta miƙo mini tana jiran yabo. Na jera ka'ak a kai na gasa mata shi yadda ta shafa, ya fito a soye ta ƙasa. Na kai hanci, na mayar mata da farantin, na ce ta kai wa uwarta ta yi mata bayani da bakinta.